Jatau Mai Gyartai Da Magajiyar Yashi

A wani ƙauye da ake kira Kwarin Gawo, inda ƙorama ke ƙafewa da rani har sai mata sun tona yashi kafin su sami ruwa, an yi wani mai gyartai ana ce masa Jatau. Sana'arsa ke nan tun tasowarsa. Ya rataya jakarsa ta fata, da basilla da zaren kaba a ciki, ya bi gida-gida yana ɗinke ƙorai da suka fashe. Mutum ne mai yawan zullumi. In hadari ya haɗu ya ce rufin ɗaki zai zuba, in bai haɗu ba ya ce gero zai ƙone. Matarsa Kuluwa takan ce masa ko ranar da babu abin damuwa sai ya fita ya aro a maƙwabta.

Cikin 'ya'yansa, babba mace ce, ta fara tasawa. Da yake ita ce 'yar fari, shi da Kuluwa ba sa kama sunanta, ba sa wasa da ita, ba sa yabonta a gaban mutane, kamar dai yadda suka tarar ana yi. Yarinyar ba ta taɓa jin ciwon haka ba, don akwai kakarta Iya Tabawa, mahaifiyar Jatau. Ita kam tun safe take rangaɗa sunan jikarta har a ji a bayan gari. Ta kira ta don ta ɗauko mata goro, ta kira ta don ta sosa mata baya, wani lokaci ta kira ta ba dalili, in ta zo ta ce so take ta ga ko munin nan nata ya ragu.

Bayan an gama girbi Allah ya yi wa Iya Tabawa rasuwa. Aka yi zaman makoki aka watse. Sunan yarinyar ya bi tsohuwa, ba wanda ya lura. Ƙannenta Yaya suke ce mata. Uwarta ta ce, ke. Maƙwabta su ce 'yar gidan Jatau. Shi kuwa in yana nemanta sai ya ce wa yara su kira masa waccan.

Ba wai ba ya sonta ba. Allah ya sani, cikin 'ya'yansa babu wadda yake waiwaye a kanta kamarta. Akwai wata 'yar ƙwarya da take zuwa ɗibar ruwa da ita. Da ta tsage, sai ya faki idon mutane ya ɗauka, ya yi mata ɗinkin da bai taɓa yi wa kowa irinsa ba, ƙanana-ƙanana kamar jerin tururuwa, ya mayar inda ta ajiye bai ce komai ba. A ganinsa ya gama magana.

Wata rana da hantsi, rani ya tsananta, sai ga mata sun shigo gari a guje, zane a hannu. Suka ce yarinyar ta durƙusa bakin ramin ruwa kamar kullum, sai suka ji murya daga cikin ramin ta kira sunanta, irin kiran Iya Tabawa sak. Yarinyar ta amsa. Yashi ya buɗe, ya rufe da ita kamar ruwa.

Maza suka fita da fatanya da magirbai, aka yi ta tono har rana ta take, ba a tarar da komai ba sai busasshen yashi. Jatau yana tsaye fuskarsa a bushe, don ba a ganin hawayen uba a kan ɗan fari. Mutane suka yi ta yaba masa kara da dauriya, suka ba shi haƙuri, suka koma gida da ɗaiɗai. Shi kaɗai ya rage, shi da 'yar ƙwaryar nan da ta bari a bakin rami. Ya zauna yana kallon ɗinkinsa.

Sai ƙwarya ta motsa. Ta juya a hankali, ta kama tafiya a kan yashi kamar kwalekwale a kan ruwa. Jatau ya yi bismilla ya bi ta. Yana binta tana girma, har ta kai girman da mutum zai zauna a ciki. Bai tsaya tunanin abin da ka iya faruwa ba, kuma wannan shi ne karo na farko a rayuwarsa. Ya faɗa ciki, yashin ƙorama ya kwashe su da gudu.

Suka wuce gonakin da ya sani, suka wuce dazukan da bai sani ba. Yashi ya koma fari, ya koma ja, ya koma shuɗi kamar an rina. A gaɓa ya ga itatuwa saiwoyinsu a sama, ya ga tsuntsaye masu tafin hannu irin na mutum suna tafa masa. Can sai yashin ya soma juyawa kamar ana dama fura, ya ja ƙwarya ƙasa, Jatau ya runtse ido yana salati. Da ya buɗe ya gan shi cikin wani kogo mai haske, ƙorama na ci gaba da gudu, ta bi ta tsakanin wasu ginshiƙai biyu.

Da ya matso sai ya ga ashe ƙafafu ne. Wani ifiritu ne tsaye, ya ɗauki falalen dutse a tsirarar kansa, dutsen kuwa shi ya tare dukan yashin da ke sama. Tsakar kansa ta sale, wuyansa yana rawa.

Ifiritu bai ko dubo ƙasa ba ya ce, "Wuce, ya kai ɗan Adam. Ba a ɗora mini tsare kowa ba, kuma kowa wucewa yake yi."

Ƙwarya ba ta rage gudu ba. Jatau ya san in ya sauka ta tafi ke nan, ita ce kuwa kaɗai ta san hanya. Amma ya sha ganin irin rawar wuyan nan a wurin 'yan mata in sun ɗauko tulu ba gammo. Ya yi ta maza ya diro. Ya tuɓe rigarsa, ya murɗe ta ya naɗa gammo, ya kama gashin ƙafar ifiritu ya hau, ya bi ta haƙarƙari har kafaɗa. Ya roƙe shi ya ɗan ɗaga dutsen, ya cusa gammon. Rigar tana taɓa kansa ta faɗaɗa ta cika wurin. Da Jatau ya waiwaya ƙasa, ƙwarya ta ɓace.

Ifiritu ya yi wata ajiyar zuciya har kogon ya girgiza, ya ce, "Me ya sa ka bar abin hawanka saboda wanda ba ka sani ba?"

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga wuyanka yana rawa."

"Tun kafin a haifi kakan kakanka nake nan, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya dube ni. To, ka sani, duk wanda ya zauna cikin abin hawansa ya wuce ta ƙarƙashina, ƙorama kewayawa take yi da shi ta mayar da shi inda ya fito. Hanyar gaskiya tana bayan kunnena."

Jatau ya leƙa, sai ga wata 'yar ƙofa a jikin kogo daidai kunnen ifiritu, ga kuma 'yar ƙwaryar ta koma ƙarama tana jiransa a bakin ƙofa. Ya ɗauke ta ya rungume, ya yi sallama ya shige.

Ya yi ta tafiya ba riga, ya ratsa wani fili mai iska mai yankan fata, ya haye wata gada siririya kamar zaren kaba, ƙarƙashinta wasu abubuwa masu haƙora suna hamma. Ya fito cikin wata gona da ba a ganin ƙarshenta, duk an shuka duma. Ko'ina ka duba yaɗo ne da 'ya'ya manya da ƙanana. Nan da can ya ga mutane zaune, kowa ya kara fasasshen duma a kunne, ciyawa ta tsiro ta rufe musu ƙafafu. Ya yi musu sallama, ba wanda ya amsa.

Mai gonar ya fito, wani tsohon aljani mai kunnuwa dogaye, ya yafa su a kafaɗa kamar mayafi. Ya shaida masa cewa wannan ita ce gonar maganganun da 'yan Adam suka haɗiye. Kowane mutum yana da yaɗonsa, duk maganar da ta zo masa baki ya mayar ciki, nan take zuwa ta zama duma. Ya ja shi zuwa wani tsohon yaɗo mai kauri ya ce nasa ne. Kusa da gindin akwai wani babban duma, ya bushe ya yi baƙi.

Tsohon ya ƙwanƙwasa shi da farce ya ce, "Wannan tun kana yaro yake nan."

Jatau ya kau da kai. Ya san abin da ke ciki. Shi ma ɗan fari ne. Har ubansa ya koma ga Allah bai taɓa jin sunansa na yanka a bakinsa ba. Ranar da uban zai cika ma, da ya riƙe masa hannu, abin da ya ce kawai shi ne, kai, ka kula da gida.

Gefen nasa akwai wani ɗanyen yaɗo, siriri, amma 'ya'yan da ke jikinsa sun kusa tsinka shi. Yawancinsu sababbi ne, ba su wuce fitowar bayan girbi ba. Jatau bai bukaci a faɗa masa na wane ne ba. Ya durƙusa yana kallo. Yarinyar da yake ganin ba ta da wata damuwa sai wanke-wanke da ɗibar ruwa, ga abin da take ɗauke da shi.

Mai gona ya miƙo masa dutse ya ce, "Kai ka haife ta, ya ɗan Adam. Fasa ɗaya ka ji abin da ke ranta. Wa ya fi ka iko da shi?"

Jatau ya karɓi dutsen. Babu abin da yake so a duniya kamar ya ji muryarta, ko da baƙar magana ce take faɗa masa. Ya ɗaga, sai ya tuna yadda zai ji da wani ya fasa baƙin duman nan nasa a kan idonsa. Ya ajiye dutsen.

Ya ce, "Ita ta ɓoye abinta, ranka ya daɗe. In ta ga dama ta faɗa mini da bakinta. In ba ta ga dama ba, ban isa in shiga mata ta bayan gida ba."

Tsohon ya yi dariya har kunnuwansa suka zame daga kafaɗa. Ya nuna mutanen nan da ciyawa ta rufe, ya ce duk iyaye ne da mazaje da aminai da suka zo neman nasu, suka fasa ɗaya, suka ce bari su ƙara ɗaya, ga su nan har yau. Ya ɗaga wani ganyen duma, sai ga matakala ta yi ƙasa.

Birnin da Jatau ya tarar an gina shi da jiƙaƙƙen yashi, samansa ruwa ne tsaye ba ya zubowa, hasken rana yana ratso shi kore-kore. Aljanu ne cike da tituna, wasu dogaye, wasu ba su kai gwiwa ba. Amma birnin shiru kamar gidan rasuwa. Kowa a kan yatsun ƙafa yake tafiya, ciniki ma da raɗa ake yi. Wasu dogarai masu kan kada suka sa shi gaba har gaban mai birnin, Magajiyar Yashi.

Doguwa ce, gashinta ruwa ne yana kwarara ta kafaɗunta har ƙasa. Idanunta irin na wanda ya yi kuka har ya gaji. Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ta ce, "Na san abin da ya kawo ka, ya kai mai basilla. Ban sace 'yarka ba. Kira na yi, ta amsa. Ka san abin da take yi in ta zo ɗibar ruwa?"

Ya ce bai sani ba.

"Takan jira mata su ɗan yi nisa, ta sunkuya cikin ramin, ta kwaikwayi muryar kakarta, ta kira sunan kanta. Sannan ta yi shiru, ta amsa. Kullum haka, tun bayan girbi, ni kuwa ina ƙasa ina ji. Ranar nan na kasa daurewa, na riga ta kira."

Jatau ya buɗe baki, magana ta zo masa, ya haɗiye ta. Ya san can a gona wani duma ya ƙaru.

Magajiya ta sa aka kawo wani abu naɗe cikin alharini. Ta buɗe da kanta. Wata 'yar ƙwarya ce, tsohuwa, ta tsage daga baki har kusan gindi. Ta ce tunda shi mai gyartai ne, ga aiki. In abin da ya yi ya gamshe ta, zai ga yarinyar. In bai gamshe ta ba, yashi zai tofar da shi a Kwarin Gawo shi kaɗai, kuma ƙorama ba za ta sake buɗe masa ba. Wani dogari ya raɗa masa cewa gwanayen birnin duk sun gwada. Wani ya kawo mata ta zinariya a madadin wannan, wani ya ce zai liƙe ta har ba a gane ta taɓa fashewa, duk ta kore su daga birnin.

Jatau ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya fito da basilla, ya jiƙa zare da miyau. Tsagar ba wata mai wuya ba ce, ya ɗinke dubunta. Ya kafa bakin basilla zai huda, sai ya lura da wani abu. Bakin tsaga kullum da kaifi yake, amma wannan ya yi sumul, har yana sheƙi, irin na wurin da yatsa ya daɗe yana shafawa. A gefen kuma ga sawun ƙananan haƙora. Ya ɗaga ido, sai ya ga Magajiya ta ƙura wa basillar ido, ta dunƙule hannu kamar jikinta za a huda.

Ya mayar da basilla jaka. Ya ce, "Ranki ya daɗe, wa ya fasa ta?"

Dogarai suka sunkuyar da kai. Magajiya ta soma magana a hankali. Ta ce 'yarta ce, ita kaɗai Allah ya ba ta. A cikin ƙwaryar take cin abinci, ta ciji bakin in ta ƙoshi. Wata safiya ta yi fushi don an hana ta fita wasa, ta buga ta da ƙasa. Uwar ta yi mata faɗa. Kafin su shirya ciwo ya kama yarinyar, bai sake ta ba.

Jatau ya ce, "To, ni ba zan ɗinke ba. In na ɗinke, yatsanki zai zo neman wurin ya tarar da aikin wani baƙo. Wannan tsagar ita ce abu na ƙarshe da hannunta ya yi. Abin da zan iya shi ne in hana ta ƙaruwa."

Ya kwance zaren kaba duka, ya zauna ya saƙa ragaya mai laushi daidai ƙwaryar, wadda ta rungume ta ta ko'ina amma ta bar tsagar a fili. Ya miƙa da hannu biyu. Magajiya ta karɓa, ta sa yatsa ta bi tsagar tun daga sama har ƙasa. Ruwan gashinta ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da kwarara.

Ta ce, "A fito da ita."

Aka fito da yarinyar. An yi mata kitso, an sa mata tufafi masu ɗaukar ido, ta yi ɓulɓul. Da ta ga ubanta ba riga, ƙafafu duk faso da jini, ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba a gida, ta tsaya nesa.

Magajiya ta ce sharaɗinta na ƙarshe mai sauƙi ne. Da kira yarinyar ta shigo, da kira za ta fita. Ita za ta kira, shi ma ya kira, wanda ta amsa wa shi ke da ita. Amma ta ce ya fara, don ta san in ita ta fara an gama.

Jatau ya miƙe. Ya ce a ransa ai ba wuya. Ya buɗe baki, sai harshe ya yi masa nauyi kamar dutsen niƙa. Sunan yana nan, shi ya raɗa mata shi a kunne ranar suna, kullum kuma yana faɗinsa a zuci in yana addu'a. Amma kunyar shekara da shekaru ta taso ta shaƙe shi. Ya ji kamar dukan dattawan Kwarin Gawo suna tsaye a bayansa, ubansa yana gaba. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ke..."

Ya ga kafaɗun yarinyar sun sauka kaɗan. Ba ta yi mamaki ba, abin da ta sa rai ke nan. Ta soma juyawa wajen Magajiya. Wannan saukar kafaɗar ya sani, shi ma ya yi ta a bakin gadon ubansa.

Ya ce, "Suwaiba."

Muryar ta fito kamar ba tasa ba. Ya sake cewa, "Suwaiba. Ki zo mu tafi gida."

Yarinyar ta tsaya. Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Baba, ashe ka san shi."

Nan hawayen da ya hana zuba a bakin ƙorama suka ɓalle. Ya miƙa mata 'yar ƙwaryarta. Ta karɓa, ta shafa ɗinkin, ta ce ta daɗe da sanin shi ya yi, amma ta zaci aiki ne kawai irin na kowa. Sannan ta ce, "Na'am, Baba."

Magajiya ba ta ko kira ba. Ta juya musu baya ta ce su tafi tun tana iya bari. Suwaiba ta riƙe hannun ubanta, amma ƙafarta ta ƙi ɗagawa. Ta raɗa masa cewa matar nan ta yi mata alheri, kuma in sun tafi ba ta da kowa. Jatau ya dubi birnin nan mai raɗa da tafiya a kan yatsu, sai ya gane abin da ya sa shi shiru.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ki gafarce ni. Ita 'yar taki, yaya sunanta?"

Dogarai suka ja baya a tsorace. Ashe tun rasuwar ba wanda ya sake ambatar sunan, wai don kada a tayar mata da ciwo. Magajiya ta juyo, leɓɓanta suna rawa kamar mai koyon magana.

Ta ce, "Sailuba."

Suwaiba ta maimaita, Jatau ya maimaita. Wata tsohuwar aljana da ta yi renon yarinyar ta fashe da kuka ta ce Sailuba mai cizon ƙwarya, wani ya tuna ranar da ta ɗaure wutsiyoyin dogarai biyu, sai ga dariya ta tashi a fadar da ta manta yadda ake yinta. Magajiya tana kuka tana dariya. Suwaiba ta yi mata alkawari duk ranar da ta zo ɗibar ruwa za ta sunkuya ta faɗi sunan, don ya riƙa zuwa mata daga sama.

Ƙwaryar Suwaiba ta sake girma, suka shiga. Yashi ya ɗaga su ya bi da su ta gefen gonar duma, inda Jatau ya hango yaɗonsa ya ɗan miƙe, ya bi ta gaban ifiritu da ke tsaye da gammonsa, ya fito da su bakin ƙoramar Kwarin Gawo rana tana shirin yin sanyi.

Gari ya yi murna, aka yi sadaka. Amma ba a jima ba aka sami abin faɗi, don Jatau ya koma kiran 'yar farinsa da sunanta tsakar gida, har a kan hanya. Dattawa suka ce aljanu sun kwashe masa kunya. Kuluwa takan rufe baki da gefen zane ta ce, "Malam, ko ba ka jin nauyin kowa, ka ji na katanga mana." Shi dai bai daina ba. Wata rana yana ɗinki a zaure ya ji Kuluwa daga madafa, murya ƙasa-ƙasa kamar mai satar gishiri, tana cewa Suwaiba ta miƙo mata muciya. Ya yi kamar bai ji ba.

Ramin ruwan nan kuwa bai sake ƙafewa ba, kome tsananin rani.

Wata safiya Jatau ya raka 'yarsa ƙorama, wai zai yanko kaba. Ta sunkuya ta kira Sailuba, ruwa ya taso ta cika tulu, ta ɗora gammo ta yi gaba. Ya tsaya har ta ɗan yi nisa. Ya duba gabas ya duba yamma, ba kowa. Ya durƙusa bakin ramin, ya gyara murya, ya nemo irin muryar ubansa, mai kauri da ɗan kaushi, ya sunkuya.

Ya kira sunansa na yanka, ya ce, "Isiyaku."

Ruwan ya yi shiru. Ya jira, ya jira, sannan ya amsa wa kansa a hankali. Da ya ɗago sai ya ga Suwaiba tsaye a kan gaɓa da tulunta, ta juya baya tana kallon wani wuri, tana jiransa ya gama.